Hayar Mai Tallata Haja Na Ɗan Lokaci: Wa Ya Dace Da Kasuwarka?

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu shugabannin kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, da ƙannena matasa waɗanda kuka shigo sana'a da waya a hannu, barkanku da zuwa. Na san ba ƙaramin abu ba ne ɗan kasuwa ya bar shago da hantsi, lokacin da ciniki ke buɗewa, ya zo ya zauna sauraron lacca. Saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana a kan wata matsala da kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa cin karo da ita. Kaya na nan a sito, masu kyau, amma sun ƙi tashi. Ko azumi ya ƙarato, kana so kafin salla gari ya san ka sauke sababbin atamfofi. Ko ka buɗe reshe a wani gari inda ba wanda ya san sunanka. Ko kuma yarinyar da ke kula maka da shafin shago ta yi aure ta tare a Kaduna, shafin ya yi tsit. Ba ka da halin ɗaukar ma'aikacin talla na dindindin, wataƙila ma ba ka bukatarsa. Abin da kake nema shi ne wanda zai kama maka na wata biyu, ko uku, ko shida, sannan ya tafi. To, wa za ka kira? Yaron nan mai kyamara da kwamfuta? Kamfanin talla? Mai ba da shawara? Manajan riƙon ƙwarya? Ko jarumar da dubban ɗaruruwan mutane ke bi a TikTok?

Hayar bakin wani ko ƙafar wani domin kaya su fita ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Matar da ke soya ƙosai a cikin gida tana da 'yar talla. Dillaliya na shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa. Falke ya sauka da shanu a garin da bai sani ba, sai ya nemi maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, dillali ya samo mai saye ya karɓi la'adarsa. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi guda a 1969 a kan yadda wannan tsari na maigida da dillali ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, ana ba da bashin dukiya mai yawa bisa amana da sanin juna. Ashe mun daɗe da sanin aikin.

Sai dai abu ɗaya ya sauya, kuma a kansa zan gina duk maganata ta yau. Dillalin da, in ciniki ya faɗa, ya karɓi la'ada ya kama gabansa. Rumfarka na nan inda take, mai saye ya ga fuskarka, gobe zai dawo ba sai da dillali ba. Mai taimakon yau kuwa ƙofar shagon ce a hannunsa: shafin Instagram, lambar WhatsApp da kwastomomi suka sani, hotunan kaya, sunayen waɗanda suka taɓa saye. Don haka duk wanda za ka ɗauka na ɗan lokaci, ka fara tunanin ranar tafiyarsa kafin ranar zuwansa. Ran da ya yi maka sallama, me zai rage a shagonka?

Kafin mu kai can, akwai tambayar da yawancinmu ke tsallakewa: me ya hana kayan fita? Mutum ya ga ciniki ya ja baya, sai ya ce talla ce babu. Sau da yawa ba ita ba ce. Mu ƙaddara Hajiya tana haɗa humra da turaren wuta, duk wadda ta taɓa saye sai ta dawo, har tana turo ƙawayenta, amma hotunan da take ɗorawa duhu ne, kwalaben ba su da takardar suna. Wannan ta san kayanta, ta san masu sayenta, hannu kawai take bukata. Ga kuma Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura, ya zuba kuɗi a rediyo, ya buga allon talla, shinkafa ta ƙi shiga shagunan Abuja. Da za a bincika, wataƙila buhunsa ya fi ƙarfin aljihun ma'aikacin da ke sayen ɗan ƙaramin ƙunshi a ƙarshen wata, ko kuwa tsakuwa na kuɓuce wa injin, ko mai raba kayan ba ya kai su a kan lokaci. Wannan in ya ƙara kuɗin talla, ƙara yaɗa labarin aibin kayansa zai yi. Tunani yake bukata tukuna.

Duk wanda ya taɓa gini ya san bambancin birkila, da mai zanen gida, da ɗan kwangila, da wanda ake ajiyewa ya tsaya a kan aiki. Dukkansu masu gini ne, amma in ka kira birkila alhali ba ka da zane, zai jera maka bulo son ransa, kuma ba laifinsa ba ne. Haka masu tallan nan suke.

Bari mu fara da wanda kuka fi haɗuwa da shi, wato matashi mai zaman kansa, wanda ya iya abu ɗaya ko biyu: ɗaukar hoto, haɗa bidiyo, zana tambari, tura talla a Facebook. Irinsu sun yi yawa yanzu a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Maradi, wasu ma ta shafukan intanet irin su Fiverr da Upwork suke samun aiki daga ƙasashen waje, suna karɓar dala. Ina son waɗannan yara, kuma ina so ku ba su aiki. Kuɗinsu da sauƙi, suna da sauri, kana magana da wanda zai yi aikin kai tsaye, kuma sun san harshen da matasa ke ji. Idan ka san takamaiman abin da kake so, misali hotunan kaya kala 40 kafin goma ga azumi, babu wanda ya fi su dacewa.

Rauninsu biyu ne. Na farko, mutum ɗaya ne. In ya kwanta rashin lafiya, ko jarabawa ta taso, ko wani mai kuɗin da ya fi ka ya kira shi, aikinka ya tsaya. Na biyu, sai abin da ka ce zai yi. In ba ka san inda ka dosa ba, shi ma bai sani ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya gaya wa sa'an mahaifinsa cewa farashinsa ne ya yi tsada ba.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa a wannan mataki wanda ke sosa mini rai, domin yana da sauƙin kaucewa amma yana cin mutane kullum. Alhaji ya ce wa yaro, buɗe mana shafi. Yaro ya zaro wayarsa, ya buɗe da lambarsa da imel ɗinsa, don su ne a kusa. Ba da wani mugun nufi ba. Aka shekara biyu ana zuba hotuna, ana biyan kuɗin talla, mabiya suka taru, mata daga Legas da Yamai suna turo saƙo suna tambayar farashin leshi. Ran nan aka sami saɓani a kan kuɗi, ko yaron ya sami karatu ya tafi, ko wayar ta faɗi a Keke Napep. Alhaji ya ce a buɗe shafin a wata wayar. Sai aka ce an tura lambar sirri zuwa layin da aka yi rajista da shi. Layin wa? Na yaron. Alhaji na zaune a kan kujerarsa, kaya cike da shago har rufi, amma kwastomomin shekara biyu suna cikin aljihun wani. A idon kamfanin da ya mallaki dandalin, mai layin shi ne mai shafin. Maganin wannan bai kai kuɗin cin rana ba: layi na shago, da sunanka aka yi masa rajista, imel na shago, kai ne babban mai iko da shafin, shi kuma ka ba shi izinin aiki wanda za ka iya janyewa. Facebook da Instagram duk suna da wannan tsari na ba ma'aikaci izini ba tare da miƙa masa mallaka ba. Yaron kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba, domin shi ma kariya ce gare shi daga zargi.

Kamfanin talla wani mataki ne daban. A nan taron mutane kake haya: mai rubutu, mai zane, mai bidiyo, mai sayen fili a rediyo da talabijin. Suna da amfani idan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuma lokaci ya ƙure, kamar fito da sabon kaya a jihohi da dama a lokaci guda, ko shirin baje kolin duniya na Kano da ƙungiyar KACCIMA ke shiryawa wajen ƙarshen shekara, ko na Kaduna da ake yi a farkonta. In ɗaya ya yi rashin lafiya, wani zai ɗauka. Sun san farashin fili a Freedom Radio da Rediyon Kano da Arewa24, sun san lokacin da matan gida ke sauraro da lokacin da direbobi ke sauraro.

Sun kuma san doka, abin da yawancinmu ba mu kula da shi. A 2022 aka yi sabuwar dokar da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a madadin tsohuwar APCON, kuma bisa ƙa'idarta ana tantance talla kafin a sake ta ga jama'a, har da wadda za a saka a intanet. Hukumar ta kuma hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake nufin 'yan Nijeriya da ita, tun daga 1 ga Oktoba 2022. Masu abinci da abin sha, da man shafawa, da magunguna, ku kuma akwai NAFDAC a kanku, ita ma sai ta amince da tallarku. Hajiyoyi masu kayan gyaran jiki, ku saurara da kyau: duk wanda zai tallata muku kaya yana cewa suna warkar da kaza da kaza, sunanku ne a jikin kwalbar, ba nasa ba.

To amma kamfani na da tsada, kuma ga abin da nake so ku lura da shi. Ranar da za su zo neman aikin, manyansu ne za su zo, masu iya magana, da allo da hotuna masu ɗaukar ido. Bayan an sa hannu, sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ake miƙa wa aikinka, musamman in kai ne ƙaramin kwastoma a cikin waɗanda suke yi wa hidima. Ka tambaya tun a zaman farko: wane ne zai riƙe aikina kullum? Ina son ganinsa. Sannan ka raba kuɗi gida biyu a rubuce, ladan aikinsu daban, kuɗin da za a biya gidan rediyo ko Facebook daban, kuma ka ga rasit na kowanne. Tun Janairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan da ake biya daga Nijeriya, don haka ko wannan ma ya fito a lissafi. Wanda ya dunƙule maka komai a kuɗi ɗaya ya ce kar ka damu, ka damu.

Mai ba da shawara ba zan daɗe a kansa ba. Shi ne mutumin Alhajin Kura. Ya zo na mako uku ko huɗu, ya duba littafin ciniki, ya zagaya shagunan da ake kai kaya, ya yi hira da waɗanda suka daina saye, ya gaya maka gaskiyar da yaranka ke tsoron faɗa. Na ƙwarai ana gane shi da yawan tambaya a ranar farko. Wanda ya zo da magani tun bai ga littafinka ba, maganin da ya sayar wa wani ne jiya. Haɗarinsa ɗaya ne: ya miƙa maka rahoto mai shafi 50, ka biya, ka sa a durowa. In ba ka da wanda zai aiwatar, kuma kai ba ka shirya sauya farashi ko girman buhu ko mai raba kaya ba, ka riƙe kuɗinka.

Manajan riƙon ƙwarya shi ne wanda ba mu saba da shi ba, kuma ina ganin matsakaitan kamfanoninmu na asara da rashin saninsa. Tsarin ya fara ƙarfi ne a ƙasar Holand a shekarun 1970, daga nan ya bazu Turai. Gogaggen mutum ne, wanda ya riƙe sashen kasuwanci a manyan wurare, ka ɗauke shi na wata shida ko tara ya zauna a cikin kamfaninka. Bambancinsa da mai ba da shawara shi ne, shi ba faɗa zai yi ya tafi ba. Zai zauna ya yi, ya ɗauki alhakin sakamako, ya sa ido a kan yaran da ke aikin hoto da kamfanin talla in akwai, ya horar da wanda zai gaje shi. Akwai kuma wani salo da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, inda irin wannan mutum ke raba makonsa: kwana biyu a wurinka, kwana biyu a wani kamfanin. Mai masana'antar ruwan leda, ko makaranta mai rassa, ko kamfanin man gyaɗa da ba zai iya biyan cikakken albashin babban manaja ba, zai iya biyan kwana biyunsa.

Amma a nan sai mun gaya wa kanmu gaskiya game da yadda muke tafiyar da dukiya. Kasuwancinmu na gida ne. Ƙanin Alhaji ne ke riƙe da sito, ɗan yayarsa ne a kan kuɗi, akwai yaron da ya shekara 20 tare da shi. Ka kawo baƙo ka ce shi ne manaja, ya ce a rage farashin kaza, ƙanin Alhaji ya ce sai Yaya ya dawo daga Umara. Ya ce a ba shi lissafin cinikin bara, a ce littafin na gida. Wata shida za su ƙare bai motsa komai ba, a ce bai iya aiki ba, alhali hannunsa aka ɗaure. In za ka ɗauki irin wannan mutum, ka tara mutanenka a gabansa, da bakinka ka faɗi iyakar ikonsa: nawa zai iya kashewa ba tare da ya tambaye ka ba, wa zai ba umarni, wane littafi zai buɗe. In zuciyarka ba za ta iya sakin wannan ba, ba aibi ba ne, amma kar ka ɗauke shi. Shi kuma mai raba mako, ka tambaye shi su wa yake yi wa aiki. Ba zai yiwu ya san sirrin farashinka ranar Litinin, ranar Laraba yana zaune da maƙwabcinka na layi ɗaya a Kantin Kwari ba.

Yanzu mu zo ga masu tarin mabiya, jaruman Kannywood da 'yan TikTok da masu barkwanci, domin na san nan ne hankalin da yawa ya fi karkata. Abin da kake saye a wurinsu aron murya ne da aron farin jini. Yana aiki, ba na musu. Kaya irin su atamfa, mayafi, turare, abinci, waɗanda ido ke saye, bidiyo ɗaya na iya cika maka waya da saƙonni a dare ɗaya. Sai dai wutar kara ce. Bayan kwana uku wani bidiyon ya danne naka, mako mai zuwa kuma jarumar na riƙe da kayan abokin gasarka tana yabo da kalmomin da ta yabi naka. Mabiyan nata ne, ba naka ba. Abin da zai zama naka shi ne wanda ya turo saƙo aka amsa masa da wuri, aka adana lambarsa, aka kai masa kaya yadda ya gani a hoto. Saboda haka kar ka biya kuɗin bidiyo sai ka tanadi wanda zai zauna a kan waya daren da za a sake shi, kuma ka tabbata kayan na nan da yawa. Mutum 300 su tambaya a amsa wa 30, ka sayi baƙin jinin 270 da kuɗinka.

Ka kuma duba su wane ne mabiyan. Mai sayar da injin ban ruwa ba ya bukatar 'yan mata miliyan ɗaya. Manoman Kadawa da Haɗeja yake nema, kuma mai gabatar da shirin noma a rediyo ya fi kusa da kunnensu. Ka duba halin mutumin, domin duk rigimar da ya shiga gobe, da sunan shagonka a bakin mutane za a yi ta. Sannan ana sayen mabiya na bogi, ana sayen yabo na bogi a ƙarƙashin hoto. Wani zai zo ya ce zai tara maka mabiya 10,000 a mako guda, ya sa a yi ta rubuta cewa an saya an ji daɗi. Malamanmu sun karantar da mu haramcin najashi, wato mutum ya tsaya yana ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya. Ni dai ban ga abin da ya raba shaidar ƙarya a ƙarƙashin hoto da wannan ba. Ga zunubi, ga asara, domin mabiyin bogi ba ya sayen ko ƙyalle.

Ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki da masu yi wa ƙasa hidima su ma hanya ce, kuma mai sauƙi. Amma koyo suka zo yi. Ka sa su ƙarƙashin wanda ya iya, kar ka ɗora musu jagoranci.

Duk wanda ka zaɓa, maganar biya za ta taso, kuma a nan fiƙihunmu ya riga ya share mana hanya. Akwai ijara, inda ake hayar mutum a kan aiki sananne ko lokaci sananne da lada sananne. Akwai ju'ala, inda ake cewa in ka kawo sakamako kaza, ga ladanka, in ba ka kawo ba babu. Ɗan kasuwa a kullum ya fi son ta biyun: sayar ka ci kamasho. Tana da kyau ga dillali da ɗan kamasho, wanda cinikin ke ƙarewa a hannunsa. Amma mai ɗaukar hoto ko manaja ba shi ke yanka farashi ba, ba shi ke ɗinka kaya ba, ba shi ke kai su tasha ba. In ka ce ba za ka biya shi ba sai an saya, ka ɗora masa alhakin abin da ba ya hannunsa, kuma ƙwararru za su guje ka, a bar ka da waɗanda ba su da zaɓi. Abin da na fi gani da adalci shi ne a haɗa: lada tsayayye a kan aikin da aka ƙayyade, da ƙari in ciniki ya haura wani adadi da kuka amince da shi. Kuma a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Takarda ɗaya ta isa: mene ne aikin, yaushe zai fara, yaushe zai ƙare, nawa ne, yaya za a biya, wa ya mallaki hotuna da bidiyo da shafi, kuma in an fasa a tsakiya yaya za a rabu. Kar a biya duka a farko, kar kuma a riƙe wa yaro haƙƙinsa bayan ya gama. Wannan na biyun yana faruwa fiye da yadda muke son amsawa, kuma shi ya sa wasu yaran ke riƙe lambar sirri a matsayin jingina.

Sai awo. Za a kawo maka rahoto a ƙarshen wata a ce mutum 200,000 sun kalli bidiyo. Madalla, amma kallo ba ya biyan kuɗin haya. Yi lissafinka irin na kasuwa. Mu ce ka kashe Naira 300,000, ribarka a kan kowane turmi Naira 2,000 ce. Sai ka sayar da turmi 150 a kan abin da ka saba sayarwa kafin kuɗinka su dawo, daga nan ne riba ta fara. Ka san wannan adadi kafin ka sa hannu, shi ma wanda ka ɗauka ya sani. Ka ajiye littafi a kan kanta, duk baƙuwar fuska yaro ya tambaye ta cikin ladabi: Hajiya, a ina kika ji labarinmu? Ya rubuta, rediyo, ko TikTok, ko ƙawa ce ta faɗa mata. Bayan wata biyu wannan littafin zai gaya maka abin da babu rahoton da zai gaya maka. Ka yi wa aikin adalci kuma: cinikin da ya tashi a goman ƙarshe na azumi ba lallai gwanintar mai talla ba ce, wanda ya faɗi bayan salla ba lallai gazawarsa ba ce. Gwada da irin lokacin a bara.

Lambobin nan da ake tarawa su ne dukiyar da ke zama. Kun tuna gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Kun tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida. Dandalin ba naka ba ne, ba na wanda ka ɗauka ba ne. Wanda ke da sunayen kwastomominsa da lambobinsu a rubuce a wurinsa, ko me aka rufe zai iya kiran su. Amma amana ce: tun Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Lambar matar aure da ta ba ka don a kawo mata kaya ba ta rabawa ba ce, kuma ba ta ma'aikacin wucin gadi ba ce da zai tafi da ita wani shagon. Wannan ma ya shiga takarda.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ku shi ne ku haɗa duk wanda kuka ɗauka da wani naku. Ɗanka, ko 'yarka, ko yaron shago mai kaifin kai, ya zauna kusa da shi tun ranar farko, ya ga yadda ake saita haske a ɗauki hoto, yadda ake zaɓar garuruwan da talla za ta je, yadda ake karanta lissafin. Ka faɗa wa ƙwararren tun farko cewa koyarwa na cikin aikin, ka biya shi a kanta. Mako biyun ƙarshe kuma a ware su don miƙa aiki: lambobin sirri a sauya, hotuna na asali a kwafe su a na'urar shago, abin da aka gwada ya yi da wanda bai yi ba a rubuta.

Iyayenmu shugabannin kasuwa, gare ku nake miƙa kuka. Ƙungiyar 'yan kasuwa na iya sa lauya da malami su zauna su tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa, a buga a ajiye a ofis, duk ɗan kasuwar da zai ɗauki mai talla ya zo ya karɓa. Ƙungiya na iya buɗe rajistar matasan da suka yi wa 'ya'yanta aiki aka rabu lafiya, domin na kirki su sami ciniki, mu ma mu san wanda za mu kira. Ku kuma 'yan'uwa, in kun koma shago yau, kafin a rufe, kowa ya kira wanda ke riƙe masa da shafi, cikin mutunci, ya tambaye shi da layin wa aka yi rajista. In ba naka ba ne, ku zauna tare a mayar da shi yau ɗin nan, tun kuna shiri.